Ɗana ya ƙi karatun likita, wai manhaja zai rubuta: ina neman shawarar masu sanin aikin

Baban Ƴan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Babban ɗana ya samu bak bana, wato jarrabawar kammala lise, sashen D na kimiyya, da sakamako mai kyau. Ni da mahaifiyarsa mun daɗe muna sa rai zai tafi Yamai ya karanta likita. Shi kuwa ya kafe, ya ce aikin rubuta manhaja yake so, irin na masu aiki a Google da Microsoft. Dare da rana yana kan kwamfutar da kawunsa ya kawo masa daga Kano. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa nake saidawa a kasuwar Dole, a nan Damagaram. Abin da na sani shi ne likita ba ya rasa aiki, ko a Mirriya aka kai shi ko a Tanut. An ce mini akwai ɗan garin nan a cikin zauren da yake wannan aiki a Turai. Don Allah ya gaya mini tsakani da Allah: sana'a ce da mutum zai riƙe iyali da ita har tsufa?

Mai Kula da Zaure: Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗan Birni ne ake nufi, yana Dublin. Bari ya tashi daga aiki, zai gani. Kafin nan duk mai abin faɗa bismillah, a kiyaye harshe.

Mai Gyaran Waya na Zango: Alhaji ku bar yaro ya bi abin da zuciyarsa ke so. Waɗannan mutane kuɗin wata ɗaya nasu ya fi na shekarar ma'aikacin gwamnati.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ku, ya kasuwa? Tambayarku mai nauyi ce, don haka zan yi dogon bayani, ku yi haƙuri.

Sana'a ce ta gaske. Ina aiki a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Amurka da suke da ofis a nan Dublin, ba zan faɗi sunansa ba. Amma hoton da yara ke gani a waya, na saurayi zaune da kofi yana ta buga kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, shi kaɗai har ya ƙirƙiro abin da zai girgiza duniya, ba shi ne yininmu ba. Manhajar da nake aiki a kanta an fara gina ta tun kafin a ɗauke ni, mutane da yawa sun sa hannu sun wuce. Mafi yawan lokacina yana tafiya ne wajen karanta abin da wasu suka rubuta don in gane dalilin da ya sa suka yi shi haka. Idan zan canza wani abu babba, sai na fara rubuta takarda da Turancin Ingilishi, in bayyana matsalar, da hanyoyin da ake da su, da wadda na zaɓa da dalilina. Abokan aiki su karanta, su yi ta tambayoyi, wani lokaci su rushe shawarar gaba ɗaya. Bayan na rubuta kod ɗin ma ba ya shiga sai wani injiniya ya yi bitarsa layi-layi ya amince. Ko shugaban rukuninmu ne ya rubuta, sai an yi masa wannan bitar. Akwai ranar da abin da zan ƙara bai fi layi goma ba, amma sai da na yini ina neman inda za su zauna.

Sai kuma gadi. Muna karɓa-karɓa, mako-mako, kamar yadda likitoci ke kwana a asibiti. In makona ne, wayata ba ta mutuwa, kwamfuta na kusa da ni ko ina zan je. Ƙararrawa na iya tashe ni ƙarfe uku na dare saboda wani sashe ya tsaya, kuma a lokacin mutane ne masu ɗimbin yawa a wasu ƙasashe suke jira. Kun tuna ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke tun bayan la'asar har cikin dare, wajen awa 6? Ba wani maƙiyi ne ya kai musu hari ba. Umarni ɗaya ne da aka bayar lokacin gyara ya yanke hanyoyin da ke haɗa rumbunan bayanansu. A watan Yulin 2024 kuma sabuntawa ɗaya daga kamfanin CrowdStrike ta tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Wannan nauyin shi ake biyanmu mu ɗauka.

Batun kuɗi zan dawo kansa, akwai taro yanzu da abokan aikinmu na Kaliforniya. Awa 8 ke tsakaninmu, safiyarsu ita ce yammacinmu.

Hajiya ta Sabon Gari: Allah ya taimaka ɗana. Ni dai abin da na ji a nan shi ne ba ka barci.

Malamin Lissafi: Alhaji, ni na koyar da ƴan ajin ƙarshe shekaru masu yawa, kuma ina ganin irin ɗanku kowace shekara. Tambayar da zan yi ita ce: son kwamfuta yake yi ko son warware matsala? Akwai bambanci. Wani yaron yana iya yini a kan na'ura yana kallon bidiyon masu arzikin Amurka. Wani kuma za ka ba shi lissafi mai wuya ya hana kansa abinci sai ya ga ƙarshensa. Na biyun shi ne zai daɗe a wannan hanya. Ku tambaye shi ya nuna muku abu ɗaya da ya gina da hannunsa ya gama, komai ƙanƙantarsa.

Baban Ƴan Biyu: Malam, ya yi mini wani abu a waya da nake rubuta bashin da nake bin mutane, yana tuna mini in ranar biya ta zo. Ina amfani da shi tun azumi.

Malamin Lissafi: To wannan magana ce. Ba wasa yake ba.

Ɗan Birni: Na dawo. Baba, abin da kuka faɗa ya faranta mini rai, domin ya ga matsala a shagon mahaifinsa ya magance ta. Da yawa daga masu neman aiki a wurinmu ba su taɓa gina abin da wani mutum ya dogara da shi ba.

Yanzu kuɗi. Ɗan'uwana na Zango ya faɗi gaskiya rabi. Albashin yana da yawa, ba zan ɓoye ba. In ka juya shi zuwa sefa, Yuro ɗaya 655 da ɗoriya, sai kan mutum ya juya, musamman a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42. Amma a Ireland, abin da ya haura wani mataki na albashi harajinsa kashi 40 cikin ɗari ne, ban da wasu cire-ciren. Hayar ɗan gidan da nake ciki, ɗaki ɗaya da falo, ta haura miliyan ɗaya na sefa kowane wata. Sannan wani kaso na ladanmu ba kuɗi ba ne a hannu, hannun jarin kamfani ne da ake sakar maka kaɗan-kaɗan cikin shekara 4. In ka tafi ko aka sallame ka kafin lokaci, abin da bai nuna ba ya tafi. In darajar kamfani ta faɗi a kasuwa, ladanka ya ragu kana zaune. Duk da haka akwai saura, alhamdu lillahi, ina aika wa gida, ina biya wa ƙannena lakwal.

Abin da kuka tambaya shi ne har tsufa. A nan ne ba zan iya ba ku tabbacin da likita yake da shi ba. A watan Nuwamban 2022 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta sallami mutum 11,000, ta ƙara 10,000 bayan ƴan watanni. A Janairun 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma tsakanin lokacin da Maris ta kai 27,000. Cikinsu akwai ƙwararru da ba su yi laifin komai ba. Wasu da safe suka tashi suka ga an rufe musu hanyar shiga kwamfutar aiki. Ga baƙo irina abin ya fi ciwo, don a shekarun farko takardar zamanka a ɗaure take da aikinka. A Amurka mai bizar aiki ta H-1B in aka sallame shi kwana 60 ke gare shi ya samu wani aiki ko ya tattara. Ku duba mutum da mata da yara a lakwal.

Ko a Afirka an gani. Twitter ta buɗe ofis a Akra, ba a daɗe ba a Nuwamban 2022 aka sallami kusan kowa. Microsoft ta buɗe cibiyar injiniyoyi a Nairobi da Legas a 2019, ta rufe ta Legas a 2024.

Kamfani ba ya riƙe mutum har tsufa. Ilimin ne ke riƙe shi, in yana sabunta shi. Wanda ya iya aikin da gaske, in wannan ƙofa ta rufe yakan samu wata, ko da albashin bai kai ba.

Mai Gyaran Waya na Zango: To ai ko kasuwa haka take. Wa ya ba Alhaji tabbaci a kan atamfa?

Baban Ƴan Biyu: Gaskiya ne, amma ni in kasuwa ta faɗi ina cikin garinmu, ƙofar gidana a buɗe, ƴan'uwa na kewaye da ni. Ba wanda zai ce in bar Damagaram cikin kwana 60.

Ƴar Garin Malam: Salamu alaikum. Baba, ku ba ni dama in sa baki, don kada a ɗauka hanya ɗaya ce tak, wato ko Google ko babu. Ni ma wannan aikin nake yi, a Yamai, a wani kamfani da bai kai mutum talatin ba. A nan gida na yi lise, na tafi Yamai karatu, ban taɓa fita waje aiki ba. Manhajojin da muke yi na sayar da tikitin mota ne, da lissafin magani a farmasi, da rajistar ɗalibai. Ku duba yadda mutanenmu ke aika kuɗi ta Nita da Al Izza da Amana, duk wannan a kan manhaja yake tafiya, kuma mutane ne ke kula da ita. Bankuna, kamfanonin waya, ƙungiyoyin agaji, matatar SORAZ da ke nan kusa da mu, kowa na buƙatar wanda ya iya.

Wahalarmu daban ce da ta yaya Ɗan Birni. Shi yana tsoron sallama, mu muna fama da wanda za a yi wa aiki wata uku ya ce a jira kuɗi sai baɗi. Shi yana da wanda zai yi masa bita, ni sau da yawa ni ce mai rubutawa, ni ce mai gwadawa, ni ce mai zuwa in koya wa ma'aikata, ni ce kuma ake kira in firinta ta ƙi aiki. Ga kuran. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, aiki ya koma na lissafin batir. Amma ina kwana a ƙasata, kuma ina ganin fuskar wanda ke amfani da abin da na gina.

Ɗan Birni: Ƙanwata, wannan na ƙarshe da kika faɗa shi ne abin da na fi rasawa. Sashen da nake kula da shi yana can ƙasa, mai amfani ba ya ganinsa, ni ma ba na ganin mai amfani. Lambobi nake gani a allo suna hawa suna sauka. Mahaifiyata har yau in an tambaye ta aikina sai ta ce yana gyaran intanet.

Malamin Lissafi: Ɗan Birni, zan faɗa maka abin da ke raina, kada ka ji haushi. Ƙasar nan ce ta koyar da kai tun daga firamare, da kuɗin talakan da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Da ka nuna, sai wani kamfani da ya fi gwamnatinmu kuɗi ya tsince ka bai kashe ko dala ba wajen renonka. Yanzu kaifin kanka yana ƙara wa masu arziki arziki, garinmu kuwa har yau mata na bin layin ruwa da jarka. In duk yaro mai kai ya bi ka, wa zai rage? Shi ya sa ni a raina na fi son ɗan Alhaji ya yi likitan. Likita ko ya so ko bai so ba, marasa lafiyarmu zai duba.

Hajiya ta Sabon Gari: Malam, likitocin ma ai suna tafiya. Nawa ne suke Faransa?

Ɗan Birni: Malam, ba zan ji haushi ba, kun isa ku faɗa mini, kuma maganar tana hana ni sukuni tun kafin ku faɗe ta. Kuɗin da nake aikawa ba su biya wannan bashin ba, na sani. Abin da zan ce kawai shi ne akwai ilimin da ba a samunsa sai a inda ake aikin. Yadda ake gina abin da mutum miliyan ɗari za su taɓa lokaci guda bai faɗi ba, yadda ake fitar da sabuntawa ga kashi ɗaya cikin ɗari na mutane a duba kafin a sake ta ga kowa, yadda in abu ya lalace ake zama a rubuta abin da ya faru ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba, don kada mutane su riƙa ɓoye kuskure. Waɗannan ba a littafi na koye su ba. Indiya ta amfana da mutanenta da suka fita suka koyo, Bangalore shaida ce. Amma ta amfana ne don wasu sun koma, wasu kuma sun buɗe hanya ga na baya. In mun tafi mun yi shiru, maganarku ta tabbata a kanmu.

Malamin Lissafi: To ina jiran in ga komawar. Na ji irin wannan alkawari daga ɗalibaina da yawa.

Limamin Unguwa: Assalamu alaikum. Ni tambayata ba ta kuɗi ba ce. Yaro ɗan shekara goma sha takwas za a tura wata duniya. Ya sallah? Ya Juma'a? Sannan wannan hannun jarin da ake ba ku, da tallace-tallacen da kamfanonin nan ke ci da su, wasu na giya ne wasu na caca. Ya kuke yi?

Ɗan Birni: Allah ya gafarta Malam. Sallah ba a hana ni ba. A ofishinmu akwai ɗakin ibada, ranar Juma'a ina toshe lokacin a jadawalina kowa ya sani ba a sa mini taro. Akwai Musulmi da yawa a aikin, ƴan Pakistan, Masar, Maroko, Turkiyya, ƴan Najeriya. Abin da ke da wuya shi ne lokaci. A tsakiyar bazara a nan rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare, shekarun da azumi ya faɗo a Yuni an sha wuya. Da hunturu kuma azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin lokacin aiki. Kuma ba kiran sallah za ka ji ba, ba maƙwabcin da zai buga maka ƙofa da asuba. Wanda bai tafi da tarbiyyarsa ba, ba wanda zai tsare masa ita.

Batun talla, ana iya zaɓar rukunin da za a yi aiki, ni na nemi wanda ba ya taɓa talla, amma ba zan ce muku kuɗin kamfanin a rarrabe suke ba. Hannun jari kuma malamai sun yi magana a kai, akwai masu sharuɗɗa game da yawan bashin ruwa da ke kan kamfani da kason haram a cikin kuɗin shigarsa, da fitar da wannan kason a yi sadaka da shi. Ni abin da nake bi ke nan. Hukuncin kuwa naku ne, ku za mu tambaya.

Limamin Unguwa: Madalla da ka amsa ba kwana-kwana. Zan so mu yi magana a keɓe kan wannan kason.

Baban Ƴan Biyu: To ɗana, in kai ne ni, me za ka yi?

Ɗan Birni: Baba, ba zan tilasta masa likita ba. Karatun likita shekara bakwai ne ko fiye, wanda aka tura ba da son ransa ba yakan karye a tsakiya, a yi biyu babu. Amma kuma ba zan yarda ya zauna a ɗaki ya ce zai koya a intanet kawai ba. Ya shiga jami'a ya yi lissafi da ilimin kwamfuta, ko a nan Jami'ar André Salifou, ko Abdou Moumouni a Yamai, ko waje in ya samu bursi. Ya riƙe digiri a hannu. Sannan ku sa masa sharaɗi ɗaya: Ingilishi. Faransancinmu yana kai mu Dakar da Kasablanka da Paris, amma littattafan aikin, da tambayoyin ɗaukar aiki, da takardun da muke rubutawa kullum, duk da Ingilishi ne. Kano tana kusa da mu fiye da Yamai, wannan dama ce da ƴan Damagaram ba mu cika amfani da ita ba. Kuma ku cire masa Google daga baki na ɗan lokaci. Ni ban fara daga nan ba, sai da na yi ƙananan kamfanoni tukuna. Wanda ya sa babban kamfani ya zama shi ne burinsa kaɗai, in bai samu ba sai ya ga kamar rayuwarsa ta lalace, alhali ga aiki a gabansa.

Baban Ƴan Biyu: Na ji, na gode. Zan zauna da mahaifiyarsa, don ita ta fi ni ƙulla rai da likitan. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Mai Gyaran Waya na Zango: Ni fa ban gamsu da batun digiri ba. Ni a aji uku na kwaleji na tsaya, amma ba wayar da za ta gagare ni, kuma na fara koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, da kaina. An ce manyan kamfanonin sun daina neman digiri.

Ɗan Birni: Ɗan'uwa, gaskiya ne wasunsu sun cire shi daga sharuɗɗan wasu ayyuka, kuma na yi aiki da ƙwararrun da ba su da shi. Sai dai kusan dukansu ƴan ƙasar ne. Mu da ke buƙatar biza, hukumar shige da fice ce ke tambayar takarda, kuma hanya ta fi sauƙi ƙwarai ga mai digiri. Wannan bai rufe maka ƙofar aikin ba. Ci gaba da Python. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne, freeCodeCamp kyauta ne, OpenClassrooms na da darussa da Faransanci. Koyi Git da wuri, wato manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, ka riƙa ajiye aikinka a shafin GitHub inda za a gani. Kai da ka san cikin waya, ga masu shaguna kewaye da kai, kasuwarka tana nan Zango.

Ɗalibin Lisans: Yaya Ɗan Birni, ya jarrabawar ɗaukar aiki a manyan kamfanonin take? Sannan mu da ke karatu yanzu gabanmu na faɗuwa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ake cewa na'ura za ta riƙa rubuta kod, ba a buƙatar sababbi. Kada mu gama mu tarar an kwashe kasuwa.

Ɗan Birni: Jarrabawar matakai ce. Farko waya da mai ɗaukar ma'aikata, sai gwaji ɗaya ko biyu, sai zagaye huɗu ko biyar a jere. Kowane zagaye wajen minti 45, a ba ka matsala ka warware kana magana da baki suna jin yadda kake tunani. Tsarin bayanai da algoritim, wato matakan warware matsala bi da bi, su ne ginshiƙi, mutane na shafe watanni suna atisaye a shafin LeetCode. Masu gogewa ana ƙara musu tambayar yadda za su tsara babbar manhaja tun daga tushe. Faɗuwa a karon farko abu ne da aka saba, ana sake nema bayan wata shida ko shekara. Mafi wuya ga ɗan Nijar shi ne a ma kira shi, domin mai tace takardu bai san jami'o'inmu ba. Shi ya sa wanda ke ciki ya miƙa sunanka yake da tasiri sosai.

Batun basirar na'ura, ina amfani da ita kullum, tana rubuta mini abubuwa da yawa da a da nake ɓata lokaci a kansu. Tana kuma kawo kod mai kyan gani wanda ba daidai ba ne, kuma in ya fashe da dare ni za a tasa, ba ita ba. Gaskiya ƙofar sababbi ta ƙuntata. Ta fara ƙuntata tun kafin wannan ma: Andela, da aka kafa a Legas a 2014 don horar da sababbi, a 2019 ta sallami fiye da 400 daga cikinsu ta ce kasuwa masu gogewa take nema. Abin da nake tsoro ga ɗalibi shi ne ya bar na'ura ta yi masa aikin gida. Zai samu maki, ya fito bai iya gane kuskure ba, alhali gane kuskuren shi ne abin da ya rage ana biya.

Ƴar Garin Malam: Ƙanena, ƙara da wannan. Na'urar ba ta san cewa yawancin masu sayen tikitinmu ba sa karatu ba, saƙon murya suke turawa. Ba ta san rezo na ɗaukewa tsakanin Gure da Diffa ba, don haka dole manhaja ta yi aiki ba intanet ta aika bayanan daga baya. Ba ta san wayar jaka talatin da mutum biyar ke amfani da ita ba. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma har yanzu in ka yi wa na'ura magana da Hausar Damagaram sai ta rikice. Akwai masu aiki a kan wannan, irin su Masakhane da HausaNLP, kuma Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga duk wanda ya so. Muryoyin Nijar sun yi kaɗan a irin waɗannan wurare. Ɗalibi na iya fara sa hannu yau, kuma irin wannan aikin ne ke sa a san sunanka a waje.

Kuma don Allah iyaye da ke karantawa, ƴan mata ma. A ajinmu mun yi kaɗan ƙwarai, ba don ba mu iya lissafi ba. Kwamfutar gida in guda ce, ta ɗa namiji ce.

Hajiya ta Sabon Gari: Wannan gaskiya ne ƴata. Jikata na aji biyu na lise, ta fi yayyenta kai. Ina za ta fara?

Malamin Lissafi: Hajiya, tambayarku ita ce tawa. Ɗan Birni, ka ce in kun yi shiru maganata ta tabbata. To ga dama. Zan iya samo aji ranar Asabar da safe, in tattaro yara goma sha biyu, rabi mata. Lissafin da algoritim a kan allo ni zan koyar, ba ya buƙatar kuran. Abin da ba ni da shi shi ne injuna da wanda zai duba abin da suka rubuta.

Ɗan Birni: Na karɓa Malam. Bitar kod ɗinsu a kaina, kowane mako, kuma zan yi musu ita da tsanani irin wanda ake yi mini. Da bazara agogonmu ɗaya da na gida, da hunturu ina bayanku da awa ɗaya, don haka safiyar Asabar ta yi mini, sai makon da nake gadi. Zan yi magana da abokai a nan kan tsofaffin kwamfutoci, amma ba zan faɗi adadi ba sai sun shigo hannuna.

Ƴar Garin Malam: Makon gadinka ni zan karɓa. Sai dai kada a jira injuna daga Turai, kuɗin jirgi da na duwan na iya fin kuɗin kayan. A Kano ana samun na hannu masu kyau. Uku sun isa a fara, yara huɗu-huɗu, a sa musu Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, don ba ya nauyi. Intanet kuma ba sai kullum ba, a sauke darussan sau ɗaya a raba a kile USB.

Mai Gyaran Waya na Zango: Batir da caja da duk abin da ya lalace ku kawo shagona, ba zan karɓi ko dala ba. Amma a ba ni kujera a ajin, ko a baya ne.

Malamin Lissafi: Kujera akwai, da sharaɗin za ka yi aikin gida kamar kowa. Hajiya, ku turo mini sunan jikar taku a keɓe, da izinin mahaifinta. Za mu fara Asabar ta biyu bayan komawa lakwal, ƙarfe takwas, kowa ya zo da kaye da biro.